Wasa cikin layi goma: yadda ake shiga gasar BASIC daga Sakkwato

Kowace shekara wasu masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci a ƙasar Jamus suna buɗe gasa mai suna BASIC 10Liner Contest. Tun 2011 ake yin ta. Da farko ta masu Atari ce kawai, daga baya aka buɗe ƙofa ga sauran kwamfutoci masu bit 8 na shekarun 1980. Sharaɗin gajere ne: ka rubuta wasa da BASIC, harshen rubuta shirin kwamfuta, cikin layi goma, ba ƙari. Ba kuɗin shiga, ba tafiya, ba neman biza. Daga ɗakinka a Mabera ko Runjin Sambo za ka aika ta intanet, a sa wasanka jere da na Bajamushe da na Ba'italiye. Galibi cikin Maris ake rufe karɓa, wato lokacin da zafin garin nan ya fara kama jiki, don haka mai hankali tun cikin hunturu yake farawa, lokacin da laftof ke iya yini tana aiki ba ta ɗau zafi ta mutu ba.

Rukunan da aka saba gani su ne PUR-80, inda kowane layi ba zai wuce harafi 80 ba kuma da BASIC ɗin da ya zo da injin za ka yi aiki, sai PUR-120 mai harafi 120, sai EXTREME-256 mai harafi 256, sai SCHAU na shirin da ba wasa ba. An hana ɗauko wani ɓangaren shiri ko bayanai daga faifai bayan an fara, an kuma hana cusa shirin harshen inji a ɓoye. POKE kuwa, umarnin da ke ajiye lamba kai tsaye a ƙwaƙwalwar injin, halas ne. Ƙa'idojin sukan ɗan canza daga shekara zuwa shekara, sai ka karanta na shekarar da za ka shiga, kalma bayan kalma, kafin ka rubuta harafi ɗaya.

Shawarata ga mai farawa, ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ko mai gyaran waya a bakin titi, ita ce ya shiga PUR-80 da kwamfutar Commodore 64. Harafi 800 ke nan gaba ɗaya. Wannan ƙuncin shi ne amfanin abin, domin wanda ya saba ɗauko manhajar da wani ya gina ya ɗora nasa a kai, a nan dole ya san abin da kowane harafi ke yi.

Tambayar farko ita ce ina za a samo kwamfutar 1982 a Sakkwato. Ba ka bukatarta. Akwai manhajar kwaikwayo mai suna VICE, kyauta ce, tana tashi a Windows da Linux da Mac, kuma tsohuwar laftof ta hannu ta ishe ta. Cikin tarin da za ka sauke, wanda za ka buɗe shi ne x64sc. Da ya tashi za ka ga shuɗin allo yana cewa bayit 38911 ne BASIC ke da su, sai kalmar READY. Ka bar shi a PAL, tsarin talabijin irin na Turai, domin injin PAL yana gudu ne a kusan megahaz 0.985, na Amurka kuma a 1.023. Bambancin kaɗan ne, amma wasan da aka daidaita saurinsa a kan ɗaya yana iya canza ɗanɗano a ɗayan. Madannin RUN/STOP, wanda ke tsayar da shiri, yana kan Esc. Mai wayar Android ma yana iya yi da C64.emu, in dai ya jona kibod ta wayar OTG, domin buga layi mai harafi 79 da yatsa a kan gilashi wahala ce.

Akwai wasu injinan. ZX Spectrum na Ingila yana da Fuse, Atari yana da Altirra, MSX yana da openMSX. MSX ɗin nan shi ne wanda kamfanin Al-Alamiah na Kuwait ya mayar da shi na Larabci da sunan Sakhr, ya bazu a ƙasashen Larabawa, kuma BASIC ɗinsa yana da ELSE da umarnin zane da na kiɗa. Na Commodore 64 ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Duk abin da kake so ya bayyana ko ya yi ƙara, sai ka miƙa hannu cikin ƙwaƙwalwar injin da POKE ka ajiye lamba a adireshinta. Saboda haka ma nake zaɓarsa.

Adireshin da za ka haddace ba su da yawa. Allon yana da sahu 25, kowane sahu gurbi 40, gurbi 1000 ke nan, daga 1024 zuwa 2023. Gurbin da kake nema shi ne 1024, a ƙara 40 sau lambar sahu, a ƙara lambar gurbi, ana ƙirga daga sifili. Launin kowane gurbi yana wani wuri dabam, daga 55296. Ka cire 1024 daga 55296, za ka sami 54272, wanda kuma shi ne adireshin farko na SID, guntun da ke fitar da sauti. Ma'ana mazubi ɗaya, wato sunan da ake ajiye lamba a cikinsa, S=54272, zai yi maka aiki biyu, na launi da na ƙara. A wasan layi goma wannan kaɗai ya tsirar da haruffa masu yawa. Launin bakin allo yana 53280, na tsakiya 53281, na rubutu 646. Launuka 16 ne: 0 baƙi, 1 fari, 2 ja, 5 kore, 7 rawaya.

Ga wasa cikakke da za a iya tattaunawa a kansa. Ɗan kabu-kabu ne yana gangarowa kan hanya mai lanƙwasa, yana kauce wa ramuka, yana ɗaukar fasinja. A na kai shi hagu, D na kai shi dama.

0 s=54272:pokes+24,15:pokes+5,9:poke53280,0:poke53281,0:poke646,5:x=rnd(-ti)
1 ?chr$(147):x=20:m=0:r=13:w=11:fori=1to24:?tab(r)"##"spc(w)"##":next
2 r=r+int(rnd(1)*3)-1:r=r-(r<1)+(r>24):?tab(r)"##"spc(w)"##":q=rnd(1)
3 a=1946+r+rnd(1)*w:ifq<.3thenpokea,81:pokea+s,2
4 ifq>.9thenpokea,36:pokea+s,1
5 k=peek(197):x=x+(k=10)-(k=18):p=1344+x:c=peek(p):pokep,22:pokep+s,7
6 on-(c=32)goto2:ifc=36thenm=m+1:pokes+1,60:pokes+4,16:pokes+4,17:goto2
7 pokes+1,8:pokes+4,128:pokes+4,129:?"hatsari! fasinja:";m:h=h-(m>h)*(m-h)
8 ?"gwani:";h:fori=1to900:next:poke198,0:wait198,1:goto1

Da ƙananan haruffa aka rubuta shi da gangan. Idan ka kwafi rubutu ka manna cikin VICE, ƙaramin harafi shi ke fitowa a matsayin babban harafi na injin, babban harafi kuma ya zama alamar zane. Wanda ya manna shiri da manyan haruffa zai ga allo ya cika da zane-zane da ?SYNTAX ERROR, ya ɗauka manhajar ce ta lalace. Lambobin layi kuma daga 0 suka fara, don kowace ta zama harafi ɗaya.

Dabarar wasan tana layi na 2. BASIC ɗin nan yana da nawa ƙwarai. Zagayen FOR na banza sau 1000 yana cin kusan daƙiƙa ɗaya, to ina ga motsa dukan allo gurbi-gurbi. Amma idan manuni yana sahun ƙarshe ka yi PRINT, injin da kansa yake tura allon sama da sahu ɗaya, haruffa da launukansu, cikin saurin da BASIC ba zai taɓa kamowa ba. Don haka hanyar ce ke hawa sama, babur ɗin yana nan a sahu na 8, wato 1344. Sahun da aka buga yanzu yana komawa na 23, adireshi 1944, kuma tunda gefen hanya ya ci gurbi biyu, cikin hanyar yana farawa daga 1946 a ƙara R. A nan layi na 3 da na 4 ke ajiye rami ko fasinja. Tsohon hoton babur ɗin yana bin allon sama, sai ya bar sawu a bayansa kamar ƙurar da babur ke tadawa. Ba a kashe ko harafi ɗaya wajen yin wannan ba.

Me ya sa gefen hanya "##" ne ba "#" ba? Gwada da guda ɗaya ka gani. Babur yana jingine da gefen hagu, ka danna A ya matsa gurbi ɗaya hagu, a daidai lokacin hanya ta lanƙwasa gurbi ɗaya dama. Sun wuce juna ba su haɗu ba. Ɗan kabu-kabu ya fita daji, inda babu rami, yana ta tafiya ba ya mutuwa. Irin wannan kuskuren ba ya fitowa a wasa na farko ko na biyar, sai ranar da wani ya zauna ya yi ta bugawa, kuma alƙalan gasa suna cikin masu zama su buga. Ƙa'idar ita ce kaurin katanga ya kai jimlar abin da ɓangarorin biyu za su iya motsawa a zagaye ɗaya.

Layi na 5 yana ɗauke da abin da ya kamata kowa ya fahimta tun da wuri. A BASIC na Commodore, magana in gaskiya ce darajarta -1, in ƙarya ce 0. Don haka x+(k=10)-(k=18) yana rage ɗaya idan an danna A, yana ƙara ɗaya idan an danna D, ba tare da IF ko guda ba. Wannan yana da muhimmanci domin IF a nan mai cin layi ne: idan sharaɗin bai cika ba, injin yana watsar da duk abin da ya rage a layin ya tsallaka na gaba. Mai layi goma ba shi da halin yin IF barkatai. Haka aka tsare R tsakanin 1 da 24 a layi na 2, haka aka ajiye maki mafi yawa a ƙarshen layi na 7. Layi na 6 kuma ya yi amfani da ON da GOTO, wanda in sharaɗin bai cika ba yake ci gaba da umarni na gaba a layin, ba kamar IF ba.

Da PEEK(197), wato leƙa lambar da ke adireshi 197, ake karanta madanni, ba da GET ba. GET yana jiran injin ya maimaita harafi, kuma haruffa ba sa maimaituwa sai ka yi POKE650,128, ko ka yi ma akwai ɗan jinkiri kafin maimaicin ya fara, babur ya riƙa tafiya yana tsayawa. Adireshi 197 kuwa yana nuna madannin da yatsa ke kai a wannan lokacin: A shi ne 10, D 18, W 9, S 13, in ba a danna komai ba 64. Sai dai haruffan da aka danna suna taruwa a wata ma'ajiya mai cin goma, shi ya sa layi na 8 ya share ta da POKE198,0 kafin ya jira. In ka manta, wasa zai sake farawa kafin mai wasa ya ga makinsa. Mai son sandar wasa ya karanta 56320, wanda ke nuna 127 in ba a taɓa ta ba.

Kada a rikita lambar harafi ta PRINT da ta POKE. CHR$(65) shi ne A, amma a POKE lambar A ita ce 1. Shi ya sa 22 ta ba da V, 81 ta ba da ƙwallon da ya zama rami, 32 kuma fili. A kuma riƙa saka launi duk lokacin da aka saka harafi da POKE, domin akwai tsofaffin samfurin injin da in an share allo suke cika ma'ajiyar launi da launin bango, sai abin da ka ajiye ya zama yana nan amma ido ba ya ganinsa.

Sauti: S+24 ƙarfin murya ne, 15 ne ƙarshensa. S+5 yana tsara yadda ƙarar ke tashi da yadda take dusashewa, S+1 kaifinta, S+4 kuma irinta da kunnawarta. 17 ƙara ce mai laushi, 129 hayaniya ce irin ta karo. Wanda ya saka 17 sau biyu a jere zai ji ƙarar sau ɗaya kawai, domin sai an kashe da 16 sannan a sake kunnawa.

Akwai tarko na musamman ga mai tunani da Hausa wajen raɗa wa mazubi suna. Injin yana laluben kalmominsa ko a tsakiyar suna ne. KIFI yana ɗauke da IF. SANDA yana ɗauke da AND. KORA yana da OR, GONA yana da GO. Kowannensu ?SYNTAX ERROR zai ba ka, ka yi ta duban layin ba ka ga laifinsa ba. Sannan haruffa biyu na farko kawai injin ke dubawa, don haka MAKI da MATA mazubi ɗaya ne a wurinsa, kuma ba zai faɗa maka ba, sai dai lissafi ya riƙa fitowa a karkace. TI da ST sunayen injin ne, kada ka raɗa wa mazubinka su. Harafi ɗaya ya wadatar, ka rubuta ma'anar kowanne a takarda. Haka kuma injin ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Ana iya zana su, bayit 8 kowane harafi, amma sai an kwafe dukan haruffan injin zuwa wani wuri tukuna, aikin da zai ci layi biyu daga cikin goma. Ya fi sauƙi a zaɓi kalmar da ba ta da lanƙwasa: hatsari maimakon haɗari, gwani maimakon ƙwararre. Ina ganin ya dace wasan ya yi magana da Hausa, a fassara kalmomin a takardar bayani.

Idan layi ya cika sai a koma ga gajarta umarni, wanda gasar ta yarda da shi. PRINT ya zama ?, yawancin sauran kuma harafin farko da na biyu tare da SHIFT, wanda a fayil ɗin rubutu zai fito kamar pO, pE, gO, fO, nE, tH, rN. IF da ON da OR da TO da INT ba su da gajeren suna. TAB da SPC suna da shi, tA da sP, amma bakan buɗewa yana cikin gajartawar, in ka ƙara naka sun zama biyu. Babbar matsalar gajartawa tana zuwa ne bayan LIST, umarnin da ke nuna shirin a allo. Injin yana warware kowace kalma zuwa cikakkiyarta, layin da ka shigar da harafi 79 ya fito ya haura 80, ya malala sahu na uku. In ka hau kansa ka gyara ka danna RETURN, wutsiyarsa ta yanke ke nan. Maganin shi ne kada ka taɓa gyara a cikin injin. Asalin shirin ya zauna a fayil ɗin rubutu na Notepad ko makamancinsa, wanda ke nuna maka lambar gurbin da kake, ka gyara can, ka buga NEW, ka sake mannawa. Wannan kuma shi ne kariyarka ranar da aka ɗauke wuta batirin laftof bai riƙe ba, domin abin da ke cikin VICE yana tafiya da wutar. Ka tsaya a 79. Harafi na 80 yana tura manuni sabon sahu, RETURN a can ba ya shigar da komai sai ka koma sama.

In wasa ya yi nawa, kada ka yi zato, ka auna. TI, agogon injin, yana ƙirga 60 a daƙiƙa, sai ka ajiye shi kafin zagaye 100 ka cire bayansu. Lamba mai tsawo kamar 1946 injin yana sake fassara ta duk zagaye, in ka zuba ta a mazubi tun farko ta fi sauri. Mazubin da aka fara ambata shi ake fara samu, don haka waɗanda ke cikin zagaye su riga sauran. Mazubi mai alamar %, wanda a wasu harsuna yake da sauri, a nan ya fi nawa, domin sai an juya shi zuwa lamba mai ɗigo kafin a yi lissafi da shi.

Layi tara ne a sama, saura ɗaya. Abin da wasan ya rasa shi ne tsanani: minti na biyar daidai yake da na farko. Ana iya rage W da ɗaya duk bayan fasinja biyar. Amma ka tuna lissafin katanga, domin in R ya ragu W ma ya ragu a zagaye ɗaya, gefen dama ya matso gurbi biyu, babur ya matsa ɗaya, uku ke nan, "##" ba zai tare shi ba. Ko dai katangar ta zama uku, a rage iyakar R zuwa 22, ko kuma a ƙara yawan ramuka ta mayar da .3 mazubi mai hauhawa. Na biyun ya fi arha. Kada dai ka bari rubutu ya taɓa gurbi na ƙarshe a sahu, in ya taɓa injin zai haɗe sahu biyu su zama ɗaya, allon ya riƙa tsalle.

Wanda ya ci karo da injin na gaske a kayan gwanjo, kada ya yi gaggawar jona shi. Adaftarsa tana fitar da volt 5 na DC da volt 9 na AC, kuma tsofaffin an cike cikinsu da wani ƙaro mai riƙe zafi. In ta tsufa volt 5 ɗin yana hawa ya ƙone ƙwaƙwalwar injin. A sa mita a auna tukuna, in ta haura 5.2 a ajiye ta. Cajar waya ba za ta maye gurbinta ita kaɗai ba saboda volt 9 ɗin. Wanda ya fito daga Amurka kuma na wutar 110 ne, tamu 230 ce, sai da taransifomar rage wuta. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, injin yana son fanka a kansa, a kuma rufe shi da ƙyalle lokacin ƙurar hunturu.

Wajen aikawa, ka haɗa hoton faifai. A VICE ka ƙirƙiri sabon fayil na d64, wanda ke tsayawa a madadin faifan injin, ka jona shi a na'ura ta 8, ka buga SAVE"KABU",8. Daga nan ka rufe manhajar gaba ɗaya, ka sake buɗewa, ka yi LOAD"KABU",8 da RUN, don ka tabbata abin da ke faifan shi ne na ƙarshe, ba na shekaranjiya ba. Ka haɗa da fayil ɗin rubutu mai gajartattun umarni, domin shi ne shaidar cewa ba layin da ya wuce 80, da hoton allo, da gajeren bayani da Turanci mai sauƙi: sunan injin, manhajar da aka gwada da ita, yadda ake tayar da wasan, madannan da ake dannawa, da abin da kowane layi ke yi. Kafin ka aika, ka miƙa wa ƙaninka ko wani yaron unguwa kibod ɗin ba tare da ka yi masa bayani ba, ka koma gefe ka yi shiru. In ya kai minti ɗaya bai gane A da D ba, ka nemi haruffa goma sha biyar a layi na 8 ka rubuta su a allo.